Gadon da Ƙudan Tsando Ya Bar wa Ƙoda

A watan Oktoba na shekarar 2000, Alonzo Mourning ya koma gida Amurka daga gasar Olamfik ta birnin Sidni da lambar zinare a wuyansa. Shekarunsa 30 a lokacin, gwarzo ne a ƙungiyar ƙwallon kwando ta Miami Heat, ga kuɗi ga ƙarfi, ana kula da jikinsa kamar dokin sarki. Watan bai ƙare ba, gwajin da ake yi wa 'yan wasa kafin shiga sabuwar kaka ya nuna ƙodarsa tana lalacewa. Ciwon da aka gano shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da FSGS, wato tabon da ke cin 'yan ƙananan matatan da ke tace jini a cikin ƙoda. A watan Disamba na 2003 aka yi masa dashe da ƙodar wani ɗan uwansa. Ya samu sauƙi har ya koma fili ya ci kofi a 2006, amma abin da ya jawo masa ciwon ba wanda ya iya faɗa a lokacin. Sai bayan shekaru aka gwada shi, aka ga yana ɗauke da wani gado da kakanninsa suka ƙetara teku da shi daga Afirka ta Yamma.

Ba shi kaɗai ba ne. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 ne cikin 100 na mutanen Amurka, amma su ne wajen kashi ɗaya cikin uku na masu zuwa wankin ƙoda a ƙasar. Likitoci sun daɗe suna ganin haka a ɗakunan wankin, kuma ba su rasa dalilan da za su bayar ba: talauci, rashin inshorar lafiya, wariyar launin fata a asibitoci, ciwon suga, irin abincin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya saye. Duk gaskiya ne, kuma har gobe suna nan. Sai dai ko an cire waɗannan daga lissafi, giɓin ba ya rufewa duka. Abin da aka fi rubutawa a katin maras lafiya shi ne hawan jini ne ya ci ƙodar. Da aka yi wani babban gwaji a shekarun 1990 kan baƙaƙen Amurka masu irin wannan ciwo, aka matsa wa hawan jinin wasunsu da magani ya sauka sosai, sai aka ga ƙodar da yawa daga cikinsu ta ci gaba da lalacewa abinta. Ashe a wurin wasu, ƙodar ce ta fara baci, ita ce ta tayar da jinin.

A 1991 wasu masana biyu, Thomas Wilson da Clarence Grim, suka kawo wani bayani mai daɗin ji. Suka ce a cikin jiragen bayi zafi da zawo da amai ne suka kashe mutane, saboda haka waɗanda suka isa da rai su ne masu jikin da ke riƙe gishiri, kuma jikokinsu ne suka gaji hawan jini. Labarin ya bazu har cikin littattafan karatu. Masanin tarihin cinikin bayi Philip Curtin ya yi masa raddi a 1992, ya nuna bayanan tarihi ba su goyi bayansa ba. Har yau ba a samu ƙwayar gadon gishirin da ake nema ba. Duk da haka masu wannan zance ba su yi kuskure wajen duba jiragen ba. Kuskurensu shi ne zaton a cikin jirgin abin ya faru, alhali an shiga jirgin da shi ne.

Hanyar da aka bi aka gano shi tana da ban sha'awa. Jinin baƙin Ba'amurke gauraye ne. A matsakaici, wajen kashi 80 cikin 100 na gadonsa daga Afirka ne, sauran yawanci daga Turai, kuma a jikin DNA ɗinsa sassan suna jere kamar zane mai faci, nan na Afirka, can na Turai. Sai masana suka ce, idan akwai abin da ke jawo ciwon daga ɓangaren Afirka, to akwai wurin da facin Afirka zai fi yawa a jikin masu ciwon fiye da masu lafiya. A 2008 tawaga biyu suka samu wurin, a kan kuromosom na 22, suka ɗora laifin a kan wata ƙwayar gado mai suna MYH9. Shekara biyu ana tono a cikinta ba a samu gurɓin da ke haddasa ciwo ba.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san wannan wahalar. Kwamfuta za ta nuna maka layin da aiki ya tsaya, ka kwana kana bincike a wurin, alhali kuskuren yana layin da ke maƙwabtaka da shi. Haka ta faru. A 2010 aka samu sababbin bayanai daga wani shiri na karanta DNA ɗin mutum 1,000 daga sassan duniya, cikinsu har da Yarabawa daga Ibadan. Da waɗannan bayanai tawagar Martin Pollak a Boston da ta Karl Skorecki a Haifa, kowacce da nata aikin, suka gano cewa mai laifin maƙwabciyar MYH9 ce, sunanta APOL1. Tana da nau'i na asali, sannan tana da nau'i biyu da suka sauya, aka sa musu G1 da G2. A G1 haruffa biyu ne suka canza. A G2 haruffa shida ne suka ɓace, cikin haruffa wajen biliyan 3 da ke rubuce a jikin ɗan Adam.

Abin mamaki, APOL1 ba baƙuwa ba ce a wurin masana, sai dai ba likitocin ƙoda ne suka san ta ba. Tun 2003 tawagar Etienne Pays a Beljiyam ta nuna cewa furotin ɗin da take ƙerawa shi ne makamin da jinin mutum ke kashe tiripanosoma da shi, wato ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke zubawa idan ya yi cizo. Daga nan labarin ya bar asibitocin Amurka ya dawo bakin rafukanmu.

Duk makiyayi ya san sammore. Saniya ta rame, gashinta ya tashi, ta daina ba da nono, ta mutu. Shi ya sa Fulani ke gudun kurmi da damina, shi ya sa kuma dawakan sarakunan Arewa ba sa daɗewa idan aka nutsa da su kudu. Amma tsandon da ya ciji saniya yana cizon mai kiwonta, shi kuwa yawanci ba abin da ke samunsa. Dalili shi ne APOL1. Tana yawo a cikin jini, ƙwayar cutar ta haɗiye ta, ita kuma ta huda ta daga ciki, ruwa ya cika ta har ta fashe. Shanu da dawakai ba su da wannan makami.

Nau'i biyu na ƙwayar cutar ne suka koyi kauce wa makamin, su ne ke sa mutum ciwon barci. Na gabashin Afirka, mai saurin kisa cikin watanni, yana da wani furotin da ke kama APOL1 ya ɗaure ta. Na yammaci da tsakiyar Afirka yana da tasa dabarar, kuma shi a hankali yake ci, shekara biyu ko uku, har ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ciwon tsoho ne a wannan yanki. Ibn Khaldun ya rubuta cewa Sarkin Mali Mari Jata na Biyu ya mutu wajen 1373 bayan ya yi shekara biyu barci na ɗauke shi, da ƙyar ake tashinsa. A 1803 wani likita Bature da ya yi aiki a Saliyo, Thomas Winterbottom, ya bayyana kumburin da ciwon ke sawa a bayan wuya, ya kuma ce fataken bayi sun san alamar, ba sa sayen wanda ke da ita. Mai karatu ya lura da wannan. 'Yan kasuwar suna shafa wuyan mutum don su tace masu ciwo. Waɗanda jikinsu ya iya da cutar su ne suka fi wuce wannan tankaɗe, da abin da ke jininsu.

G1 da G2 martanin jikin ɗan Adam ne ga dabarar ƙwayar cutar. An ƙiyasta sun bayyana cikin shekara 10,000 da suka wuce, wato bayan kakannin Turawa da mutanen Asiya sun daɗe da barin Afirka, shi ya sa ba a samun su a can. Sauyin ya faɗo daidai wurin da furotin ɗin cutar gabas ke kamawa, sai ɗaurin ya daina riƙewa. Nan ne masana suka ci karo da abin da har yanzu suke muhawara a kai: a ɗakin gwaje-gwaje cutar gabas suke kashewa, amma a yamma suka fi yawa. Wani bincike da aka buga a 2017 kan mutanen Yuganda da Gini ya warware wani sashe. A Yuganda G2 tana kare mutum daga kamuwa. A Gini G1 ba ta hana kamuwa, sai dai mai ita yakan zauna da cutar a jikinsa ba tare da ta kayar da shi ba. Ko ma dai yaya aka yi, gadon da ya bazu da irin wannan sauri ya ceci rayuka masu yawa. A cikin Yarabawan Ibadan da aka gwada, G1 ta kai wajen kashi 38 cikin 100 na kwafin da ke jikinsu. A Habasha kuwa kusan babu ita ko kaɗan, ga su baƙaƙe kamar kowa.

Daga gaɓar Gana zuwa Ouidah da Legas da Bonny da Kalaba, wato bakin tekun da wannan gado ya fi yawa, daga nan ne aka kwashi kaso mai tsoka na mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage. A Amurka da Jamaika da Birazil babu tsando. Kariyar ta zama ba ta da aiki, kuɗinta kuwa ana nan ana biya.

Ga yadda ake biyan. Mutum yana gadon kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kwafi ɗaya mai sauyi ya isa kariya. Idan duka biyun masu sauyi ne, makamin da ke huda ƙwayar cuta yana iya juyowa ya huda ƙwayoyin matatar ƙoda, domin su ma suna ƙera shi a cikinsu. Matata ta yage, furotin ya riƙa zuba cikin fitsari, fitsarin ya yi kumfa, ƙafafu da fuska su kumbura. Wajen kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen Amurka suna da kwafi biyu. Haɗarin FSGS a wurinsu ya ninka na sauran wajen sau 17, na ciwon ƙodar da HIV ke jawowa kuwa wajen sau 29.

Mai karatu zai ce ai wannan sikila ce sak, kuma yana da hujja. AS tana rage zafin zazzaɓin cizon sauro, SS tana kawo amosanin jini. Amma akwai bambancin da muke so a riƙe da kyau, musamman yanzu da gwaji kafin aure ya zama doka a wasu jihohi. Mai SS yana da ciwon tun yana jariri. Mai kwafi biyu na APOL1 kuwa, a cikin biyar wajen huɗu za su tsufa ƙodarsu ba ta gaza ba. Yawanci sai wani abu na biyu ya tunzura ta, irin su HIV da ba a sha magani, ko korona, ko wani ciwo da ke tayar da garkuwar jiki. Mun ga yadda harafi biyu a takardar asibiti ke rushe neman aure da aka yi shekaru ana ginawa. Zai zama zalunci a ɗauki wannan gwajin a yi masa irin wancan karatu. Inda ya fi amfani shi ne wajen dashe, domin mai ba da ƙoda yawanci wa ne ko ƙane ko ɗa, kuma abin da ya kayar da maras lafiya yana iya kasancewa a jikin mai bayarwa. An kuma ga cewa ƙodar da aka ciro daga mai kwafi biyu ta fi saurin gajiya a jikin wanda aka dasa wa.

Akwai wani abin da ya faru a tsakanin nan wanda ya shafi sana'armu kai tsaye. Asibiti ba ya auna ƙarfin ƙoda da ido. Ana auna wani sinadari a jini mai suna kiriyatinin, a sa shi cikin lissafi tare da shekaru da jinsi, kwamfuta ta fitar da lamba. A lissafin da aka fitar a 2000 an sa sharaɗi cewa idan mutum baƙi ne a ninka sakamakonsa da 1.21. A na 2009 aka mayar da shi 1.159. Hujjar da aka riƙa bayarwa ita ce wai baƙar fata ya fi tsoka. Layi ɗaya ne a manhaja, irin wanda ɗalibin shekarar farko zai rubuta cikin minti guda. Amma ma'anarsa ita ce mutanen da ƙodarsu ta fi saurin lalacewa su ne kwamfuta ke ce wa tasu ta fi lafiya, sai a makara wajen tura su ga ƙwararre, a makara wajen sa su a layin dashe. Bincike a Afirka ta Kudu da Gana ya nuna ninkin bai dace da mutanen can ba, amma lissafin ya ci gaba da yawo a na'urori. Sai a 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka cire shi, a 2023 kuma aka umarci asibitocin dashe su gyara wa baƙaƙe lokacin jiran da aka ci musu. Fiye da mutum 14,000 aka matsar gaba a layi. A wajenmu laifin ba na lissafi ba ne. Akwati guda aka yi aka rubuta masa baƙi, aka zuba Bahabashe da Inyamuri da ɗan Jamaika a ciki.

Shekara 14 bayan gano APOL1 kafin a samu babban bincike a inda ta fito. A 2024 masana na shirin H3Africa, cikinsu har da Rasheed Gbadegesin da Dwomoa Adu da Akinlolu Ojo, suka buga sakamakon gwajin mutum 8,355 a Najeriya da Gana, masu ciwon ƙoda da marasa shi. Kashi 43 cikin 100 suna da kwafi ɗaya, kusan kashi 30 suna da biyu. Masu biyu haɗarinsu na ciwon ƙoda ya ƙaru da kashi 25, masu ɗaya da kashi 18. Wannan na biyun sabon abu ne, domin a Amurka an ɗauka kwafi ɗaya ba ya cutarwa. Magani ma ya fara leƙowa. Tun 2006 aka ba da labarin wani manomi a Indiya da aka haifa ba shi da APOL1 mai aiki ko kaɗan, aka kuma duba ƙodarsa aka ga lafiya lau. Wato ana iya kashe makamin mutum ya rayu. A 2023 kamfanin Vertex ya buga gwajin wata ƙwaya mai suna inaxaplin da ke toshe hudar. A mutum 13, furotin ɗin da ke zuba a fitsari ya ragu da kusan rabi cikin mako 13. Gwajin ƙarami ne, kuma ko maganin ya tabbata, farashinsa wani zance ne daban ga iyalin da ke sayar da gona don biyan wankin ƙoda sau biyu a mako.

To mu Hausawa fa? Ba za mu ce ba mu san tsando ba. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ta'adi a ƙasar Zazzau, har Turawa suka kafa shirin Anchau daga 1937, suka sa aka sare kurmin bakin rafuka, aka tayar da wajen mutum 5,000 daga matsugunansu, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Cibiyar binciken cutar da aka kafa a Kaduna a ƙarshen shekarun 1940 tana nan har yau. Amma masana tarihi suna danganta waccan annoba da zirga-zirgar da mulkin mallaka ya buɗe, hanyar jirgi da haƙar kuza da komawar mutane daji bayan yaƙe-yaƙe sun lafa. Annobar shekara ashirin ba ta isa ta sauya gadon al'umma ba. Yawancin ƙasar Hausa fili ne busasshe, tsando a bakin rafi kawai yake iya zama.

Alƙaluma sun bi wannan taswira. A 2021 aka buga wani bincike da aka yi a Kano kan mutum 2,458 masu shan maganin HIV. Masu kwafi biyu a cikin Hausawa da Fulani kashi 2.1 ne cikin 100, a Yarabawa 14.5, a Inyamurai 49.1. Mutanen asibiti ɗaya ne, kuma 'yan kudun da ke ciki ba su da yawa, saboda haka kada a ɗauki lambobin a matsayin ƙidayar ƙabilu. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba za a kawar da kai daga gare ta ba. Kuma kada wani ya karanta 2.1 ya ce ya tsira. Hausa harshe ne da ya haɗiye jama'a iri-iri. Akwai jikokin waɗanda aka kawo daga kudu a zamanin bauta, akwai auratayyar fataken goro a hanyar Gwanja, akwai zangunan Kumasi da Akara da Sabon Ibadan da Agege inda uwa Ba'ashantiya ce ko Bayarabiya. Abin da mutum ke amsawa idan an tambaye shi ƙabilarsa shi ma akwati ne.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ɗaya gefen lambar. Ba a mako biyu ba mu ga roƙon taimakon wankin ƙoda a Facebook ko WhatsApp ba, kuma yawancinsu matasa ne. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. A Gashuwa da garuruwan da ke bin kogin Yobe, da yankin Haɗeja, mutane sun yi shekaru suna kokawa cewa da wuya ka samu unguwar da ciwon bai ɗauki wani ba. Idan APOL1 ta yi ƙaranci a jininmu haka, to ba ita ce za ta bayyana wannan ba. Ana zargin ruwan sha, da magungunan feshin gona, da aiki cikin zafin rana ba isasshen ruwa, da ƙwayoyin kashe ciwon jiki da ake sha kamar gyaɗa, da haɗe-haɗen gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba. An ga makamancin haka a tsakanin masu saran rake a Nikaraguwa da manoman shinkafa a Siri Lanka.

An warware wa baƙaƙen Amurka tasu matsalar a 2010 ne saboda jinin Yarabawan Ibadan yana cikin rumbun bayanan da masana suka buɗe. Shirin ya ci gaba ya ƙara mutanen Esan daga Edo, da Mende daga Saliyo, da mutanen Gambiya, ga kuma Luhya daga Kenya. Har aka rufe shi a 2015, ba Bahaushe a ciki, ba Babarbare, ba Babade.